Taƙaitaccen Tarihin Bawan Allah, Marigayi Bishop Samuel Ajayi Crowther

A wannan biki na cikar ikilisiyarmu shekara hamsin, ya dace mu waiwaya mu tuna da waɗanda suka share gona tun kafin mu zo mu sami girbi. Cikinsu akwai wanda yawancinmu muka ji sunansa a makaranta, amma kaɗan ne suka san yadda ya yi zamansa da mutane. Shi ne Bishop Samuel Ajayi Crowther, baƙar fata na farko da aka naɗa bishop a ikilisiyar Angilikan. Shi ba Bahaushe ba ne, ƙafarsa kuma ba ta taɓa taka Kano ko Zariya ko Sakkwato ba. Duk da haka aikin bishara a bakin kogin Kwara da na Binuwai a hannunsa ya kafu, aikin juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa kuma ya tsiro ne daga wata tafiya da ya yi tare da abokin aikinsa. Abin da ya sa muka zaɓi tarihinsa shi ne, mutum ne da bai ajiye bangaskiyarsa a majami'a ya tafi gida ba. Ya kai ta kasuwa, ya kai ta gona, ya kai ta fadar sarakuna, ya kuma yi maganarta da harshen da mutane ke ciniki da shi.

Haihuwarsa da kama shi bauta

An haifi Ajayi wajen shekara ta 1809 a garin Osogun, cikin ƙasar Yarabawa, a yankin da yake Jihar Oyo yanzu. Mahaifinsa masaƙi ne. Lokacin daular Oyo tana rushewa, yaƙi ya bazu ko'ina, kama bayi kuma ya zama sana'a. A shekara ta 1821 mayaƙa Musulmi, Fulani da Yarabawan Oyo, suka auka wa garin da safe, suka ƙone shi, suka kama mata da yara. Aka ɗaure Ajayi da mahaifiyarsa da ƙannensa mata da igiya a wuya. Daga wannan rana bai sāke ganin mahaifinsa ba.

Ba a daɗe ba aka raba shi da mahaifiyarsa. Aka yi musayarsa da doki, da cinikin bai yi daɗi ba aka mayar da shi. Haka ya yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu, ana ba da shi a karɓi taba ko barasa, har aka kai shi Ikko aka sayar wa Turawan Fotugal. Aka zuba shi cikin jirgin ruwa tare da bayi kusan ɗari biyu domin a ƙetare teku da su. A watan Afrilu na 1822, jirgin bai yi nisa da gaɓa ba, sai jiragen yaƙin Ingila masu hana cinikin bayi suka tare shi. Aka kwance su, aka kai su Saliyo, inda ake sauke bayin da aka ƙwato.

A riƙe wannan a zuciya, domin za mu sāke komowa kansa: waɗanda suka ƙone garinsu Musulmi ne, waɗanda suka saye shi su kai shi ƙetare masu amsa sunan Kirista ne. Yaron ya ga mugunta daga gefe biyu tun bai kai shekara goma sha huɗu ba.

Zamansa a Saliyo

A Saliyo aka sa shi hannun 'yan mishan na ƙungiyar CMS a ƙauyen Bathurst. Cikin wata shida ya iya karanta Sabon Alkawari da Turanci. Ya koyi aikin kafinta kuma. Ranar 11 ga Disamba 1825 aka yi masa baftisma, ya ɗauki sunan Samuel Crowther, sunan wani limamin ikilisiya a Landan mai goyon bayan aikin mishan. Amma bai yar da sunan da iyayensa suka raɗa masa ba, har ya mutu ana kiransa Ajayi.

A 1826 aka kai shi Ingila ya yi 'yan watanni a makaranta. Da ya komo, a 1827, ya zama ɗalibi na farko da aka rubuta sunansa a kwalejin Fourah Bay. Ya zama malamin makaranta. Ya auri Asano, wadda ita ma an ƙwato ta daga jirgin bayi, aka yi mata baftisma da sunan Susan. Sun yi zaman aure na kimanin shekara hamsin, Allah ya ba su 'ya'ya maza da mata, har ta rasu a 1880. Ɗansu Dandeson ya bi sawun mahaifinsa cikin aikin Ubangiji. Herbert Macaulay, wanda ya yi suna wajen neman 'yancin Nijeriya, jikansu ne.

Wani abu ya faru da shi lokacin yana malamin makaranta wanda ya zama masa darasi har tsufansa. Wata rana ya ga wani yaro ɗan Musulmi ya zo makaranta da laya. Da zafin ƙuruciya ya cire layar, ya ce yaron ya mayar gida. Mahaifin yaron ya zo a fusace. Crowther ya ce a tara malamai a yi muhawara. Ya shirya sosai, ya zo da littattafansa da ayoyinsa. Aka yi ta ja-in-ja, kowa ya tsaya a kan bakansa, aka tashi ba wanda ya motsa ko taki ɗaya. Ya koma gida da sanin cewa rinjaye a gardama ba ya buɗe zuciyar kowa. Daga nan ya soma neman wata hanya.

Tafiya ta farko a kogin Kwara

A shekara ta 1841 gwamnatin Ingila ta aiko da jiragen ruwa uku su hau kogin Kwara. Nufinsu shi ne a ƙulla yarjejeniya da sarakuna su bar cinikin bayi, a kawo noma da halattaccen ciniki a madadinsa. CMS ta sa mutum biyu cikin tafiyar, wato Crowther da wani Bajamushe, Rabaran James Frederick Schön. Suka sayi fili a Lakwaja domin gonar gwaji, jirgi ɗaya kuma ya kai har Eggan a ƙasar Nufe. Amma zazzaɓi ya kwantar da kusan dukan Turawan. Cikin su 145, kimanin 40 suka mutu. Aka komo da baƙin ciki.

Ko da yake tafiyar ta lalace, abu biyu sun fito daga cikinta. Na ɗaya, Schön ya shaida wa shugabannin CMS cewa idan bishara za ta shiga wannan ƙasa, sai ta bakin 'ya'yan ƙasar. Saboda haka aka kira Crowther Ingila, aka ƙara masa horo, Bishop na Landan ya naɗa shi limamin ikilisiya a 1843. Na biyu, Schön ya ga yadda Hausa ke tafiya a bakin fatake a duk inda suka sauka, sai ya duƙufa a kanta har ƙarshen ransa. A 1843 ya buga littafin kalmomin Hausa, daga baya ya yi aiki da Dorugu, yaron da matafiyi Barth ya kai Turai, ya juya littattafan Bishara, ya rubuta nahawu da ƙamus. A kan wannan harsashi waɗansu suka ɗora, har aka sami cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Duk lokacin da muka buɗe shi a sujada, akwai rabon wannan tafiya ta 1841 a ciki.

Mai tsintar kalmomi

A 1845 Crowther ya sauka Badagiri tare da waɗansu 'yan mishan, a 1846 suka shiga Abekuta. Ba a yi wata ɗaya ba sai aka kawo masa labari cewa mahaifiyarsa tana da rai a wani gari kusa. Bayan shekara 25 da rabuwa suka sāke haɗuwa, suka rungumi juna suna kuka. Ya sami ƙannensa mata kuma. A 1848 aka yi wa tsohuwar baftisma, ta ɗauki sunan Hannatu, wato sunan mahaifiyar Sama'ila na Littafi Mai Tsarki. Ta rayu har ta ga ɗanta ya zama bishop.

Babban aikinsa a wannan lokaci shi ne juya Maganar Allah zuwa Yarbanci. Yadda ya yi aikin shi ne abin lura. Bai zauna a ɗaki shi kaɗai da ƙamus ba. Yakan fita ya zauna wurin dattawa, da 'yan kasuwa, da bokaye masu duba, da malaman Musulmi, ya saurara, ya rubuta kalmomi da karin magana a takarda. Yakan ci abinci tare da mutane domin ya ji yadda kalma ke fita a bakin mai ita. Da ya zo neman sunan Allah, bai aro na Turanci ba, ya ɗauki Olorun, sunan da Yarabawa suka sani tun kaka da kakanni. Da ya zo neman kalmar limami, ya ɗauki alufa, wadda Yarabawa ke kiran malamin Musulunci da ita. Ya kuma nace a riƙa sa alamomin karin sauti a kan baƙaƙe, domin a Yarbanci hawa da saukar murya kan sauya ma'anar kalma. Ba kowane zaɓi nasa ne aka yarda da shi ba. Masana da yawa daga baya sun ce bai dace ba da ya ba Shaiɗan sunan Eshu, wanda a addinin gargajiyar Yarabawa yana da wata ma'ana dabam. Wannan ya nuna mana nauyin aikin fassara, kalma ɗaya takan bi jama'a har tsara da tsara.

A watan Disamba na 1862 gobara ta cinye gidansa a Ikko. Cikin abin da ya ƙone har da takardun da ya yi shekara 11 yana tara kalmomi da karin magana a ciki, da fassarar da bai riga ya buga ba. Asarar takardun nan ta fi yi masa zafi a kan ta kayan ɗaki. Ya sāke ɗaukar alƙalami ya soma daga fari. A 1884 aka gama Littafi Mai Tsarki na Yarbanci, shi da abokan aikinsa. Bayan Yarbanci ya rubuta littafin koyon karatu na harshen Ibo a 1857, na Nufanci a 1860, da nahawu da kalmomin Nufanci a 1864.

Bai tsaya ga littafi kaɗai ba. Ya san cewa mutumin da ba shi da abin sayarwa, ɗan'uwansa zai kama ya sayar. Don haka ya ƙarfafa noman auduga a Abekuta, aka kawo injin gurza, aka koya wa samari sana'a. A 1851 ya je Ingila ya yi bayani a kan cinikin bayi da ake yi a Ikko. Aka kai shi gaban Sarauniya Biktoriya da mijinta, aka roƙe shi ya karanta mata Addu'ar Ubangiji da Yarbanci, ya kuwa karanta.

Komawa kogi

A 1854 aka sāke tura jirgi, wannan karo ƙarƙashin Likita William Baikie, Crowther yana ciki. Suka hau Binuwai har ƙasar Muri. Baikie ya sa kowa ya riƙa shan kwinin kullum, aka yi kusan wata huɗu a kogi ba wanda ya mutu. Crowther ya ga cewa ƙofa ta buɗe. A 1857 ya koma a wani jirgi mai suna Dayspring, ya kafa aiki a Anaca, ya bar Rabaran John Christopher Taylor, ɗan asalin Ibo daga Saliyo, ya riƙe wurin. Burinsa shi ne ya kai har Sakkwato ya gaida Sarkin Musulmi. Amma jirgin ya bugi dutse kusa da Jabba ya nutse. Suka yi zango a bakin kogi kusan shekara guda suna jiran wani jirgi.

Wani zai ga wannan ɓata lokaci ne. Shi kuwa ya mai da zangon makaranta. Ya zauna da masunta da masu fito, ya koyi Nufanci, ya yi hira da fatake Hausawa masu ƙetare kogi a Rabba da jakunansu. Ya lura da yadda Hausa da Larabci ke da daraja a wannan yanki, abin da ya sa daga baya ya riƙa ƙarfafa ma'aikatansa su koyi Larabci domin su iya zama da malamai.

Ranar 29 ga Yuni 1864 aka naɗa shi bishop a babbar majami'ar Kantabari a Ingila. Jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa. Cikin taron akwai hafsan jirgin ruwan da ya ƙwato shi a 1822, da matar da ta fara koya masa karatu a Saliyo, dukansu sun tsufa. Wanda ya tsaya kai da fata a yi wannan naɗi shi ne Henry Venn, sakataren CMS, wanda ya gaskata cewa ikilisiyar kowace ƙasa ya kamata ta riƙe kanta, ta mulki kanta, ta kuma yaɗa bishara da kanta. Waɗansu Turawan mishan ba su so su zauna ƙarƙashin baƙar fata ba, don haka aka ba shi bakin kogi da ƙasashen da ke bayan iyakar mulkin Ingila. Ma'aikatansa kusan duka 'yan Afirka ne.

Zamansa da sarakuna da malamai

Yanzu mu koma ga abin da muka ce a riƙe a zuciya. Mutumin da mayaƙa Musulmi suka ƙone garinsu, shi ne ya zama aminin sarakunan Musulmi na ƙasar Nufe. Yakan hau kogi ya je Bida ya gaida Etsu Masaba, ya kai gaisuwa bisa ga al'ada, ya zauna a saurare shi, shi ma ya saurara. Bai taɓa kafa tashar mishan a ƙasarsu ba tare da izini ba. Ta wannan hanya aikin Lakwaja ya sami kariya, daga baya kuma aka buɗe tashoshi a Eggan da dutsen Kipo. Yakan ba sarakuna da malamai kyautar Littafi Mai Tsarki na Larabci.

A 1872 ya bi ta Ilori a kan hanyarsa ta zuwa Ikko, Sarkin Ilori ya kira shi fada gaban malamai da hakimai. Aka yi masa tambayoyi masu nauyi a kan Yesu: ko shi wane ne, ko shi ne hanya, ko shi ne zai yi shari'a a ranar ƙarshe. Wannan karo bai yi irin ta layar nan ba. Kowace tambaya aka yi, sai ya buɗe Littafi a karanta wurin da ya amsa ta da Yarbanci. Ya fara da Luka sura 1, inda mala'ika Jibra'ilu ya zo wurin Maryamu, domin ya san masu sauraronsa suna girmama Jibrilu da Maryamu da Almasihu. Sa'an nan aka karanta daga Yohanna sura 14 da Matta sura 25. Bai rage kome daga bangaskiyarsa ba, bai kuma zagi addinin kowa ba. Da aka nemi ya ba da addu'a, sai ya nuna musu addu'ar da ake yi wa Sarauniya a littafin addu'a, ya bayyana cewa Kirista a kowace ƙasa yakan sa sunan sarkin ƙasar a wurin, ya roƙa masa albarka. Fada ta ga addu'ar ta dace. Aka rabu da mutunci.

Wannan aminci ya kai har a shekarun 1880 Etsu Maliki na Nufe ya aika masa da wasiƙa yana kuka a kan barasar da 'yan kasuwar Turai ke shigowa da ita, wadda ya ce tana lalata jama'arsa. Ya roƙi Crowther, a matsayin uba, ya kai kukan gaban Sarauniyar Ingila a hana. Sarki Musulmi da bishop Kirista suka tsaya gefe ɗaya a kan abin da ke cin gidajen talakawa.

Ba kullum ne aka karɓe shi hannu biyu ba. A 1867 wani basarake mai suna Aboko, a yankin Idah, ya kama shi da ɗansa Dandeson, ya tsare su kwanaki yana neman kuɗin fansa mai yawa. Wani jami'in Ingila da ke Lakwaja, William Fell, ya zo ya kuɓutar da su, amma kibiya mai dafi ta same shi ya mutu. Bishop bai daina hawa kogi ba saboda wannan.

Abin riƙewa da abin bari

A 1869 ya tara ma'aikatansa a Lakwaja ya yi musu gargaɗi a kan al'adun mutane. Ya koya musu cewa bishara ba ta zo domin ta shafe al'adar kowace al'umma ba, ta zo ne ta gyara abin da ya karkace. Ya ce kada su raina tatsuniyoyi da karin magana da waƙoƙin jama'a, su koye su, su yi wa'azi da su. Ƙungiyoyin taimakon juna, irin su adashi da gayya a wurinmu, a ƙarfafa su. Kada a sa mutum ya zama baƙo a garinsu saboda ya karɓi baftisma.

Amma inda al'ada ta taɓa ran mutum, bai yi sassauci ba. A Anaca shi da ma'aikatansa sun yi ta faɗa da kashe tagwaye da yin hadaya da mutane. A Bonny, can bakin teku, inda sarkin garin ya gayyace shi a 1864, jama'a suna bauta wa guza, ba mai ikon taɓa ta ko ta shiga ɗaki. A ranar Ista ta 1867 Sarki George Pepple ya shelanta cewa an daina. A garin nan kuma aka yarda tun farko cewa mutanen gari za su biya rabin kuɗin makaranta da na aikin mishan, domin abin da mutum ya sa guminsa a ciki shi yake riƙewa da kyau. Bangaskiya ta yi tsada a wurin. A 1875 aka kashe wani bawa mai bi, Joshua Hart, aka jefa shi a ruwa domin ya ƙi cin naman da aka yanka wa gumaka.

Kwanakinsa na ƙarshe

Abin baƙin ciki, raunin da ya fi yi masa ciwo a cikin gida ya same shi. Bayan rasuwar Henry Venn a 1873, iska ta juya. Turawa sun sami maganin zazzaɓi, kamfanoninsu sun mamaye cinikin kogi, ra'ayin raina baƙar fata kuma ya yi ƙarfi. Gaskiya ne akwai kurakurai a aikin. Tashoshin suna da nisa da juna, bishop ba shi da isasshen kuɗi ko jirgin da zai riƙa zagayawa yadda yake so, waɗansu ma'aikata kuma sun yi abin kunya, shi kuwa mutum ne mai saurin yafewa. Amma maimakon a taimake shi, sai aka riƙa zare ikonsa kaɗan kaɗan.

A 1890 waɗansu samarin Turawan mishan suka iso, cikinsu da Graham Wilmot Brooke da John Alfred Robinson, masu ƙwazo ƙwarai da burin kai bishara ƙasar Hausa. A taron da aka yi a Anaca cikin watan Agusta na wannan shekara, suka zargi ma'aikatansa a gabansa, aka dakatar da waɗansu, aka kori waɗansu, har ɗansa Dandeson aka dakatar. Dattijo mai shekara sama da 80, wanda ya fara hawa kogin nan tun ba a haifi masu zarginsa ba, ya sauka daga shugabancin kwamitin. Bai zagi kowa ba, bai kuma fita daga ikilisiya ba. A 1891 ciwon shanyewar jiki ya kama shi. Ranar 31 ga Disamba 1891 ya huta a Ikko. Robinson ya riga shi rasuwa a Lakwaja a wannan shekara, Brooke kuma ya bi su a 1892, ba wanda ya kai ƙasar Hausa cikinsu. Sai a 1900 Bishop Tugwell da Likita Walter Miller suka isa Kano, daga baya aikin ya zauna a Zariya, sa'an nan Wusasa.

Bayan Crowther aka naɗa Bature a gurbinsa. Sai a 1952, bayan shekara 60, aka sāke ba 'yan ƙasa riƙon dayosis na Angilikan a Nijeriya. A 2014, lokacin cika shekara 150 da naɗinsa, Akbishop na Kantabari na wancan lokaci, Justin Welby, ya tsaya a majami'ar da aka naɗa shi ya furta tuba a kan abin da aka yi masa. Akwai jami'a a garin Oyo mai ɗauke da sunansa.

Abin da ya bar mana

'Yan'uwa, tambayoyin da wannan bawan Allah ya fuskanta ba su tsufa ba. Muna zaune da maƙwabta Musulmi, kasuwarmu ɗaya, rijiyarmu ɗaya, waɗansunmu ma tsatsonmu ɗaya. Cikinmu akwai waɗanda aka ƙone musu gida ko majami'a, akwai waɗanda suka binne nasu a lokacin tashin hankali. Ba wanda zai ce musu abin da sauƙi. Amma Crowther ma an ƙone garinsu, an sayar da shi kamar akuya, duk da haka ya zauna a fadar Bida da ta Ilori ya ba da shaidarsa sarai, cikin ladabi, ya kuma yi wa sarakunan addu'a. Wanda zai yi gardamar addini a shago ko a wayar hannu, ya tuna da labarin layar nan tukuna.

Sai maganar harshe. Yau akwai gidajen masu bi inda yara ba su iya karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa ba, balle da harshen kakanninsu, iyaye kuma suna ganin wannan ci gaba ne. Mutumin da ya yi magana da Sarauniyar Ingila bai ga ƙasƙanci ba ne ya zauna a tabarmar tsoho yana rubuta karin magana. Iyaye mata na zumunta, da malaman makarantar Lahadi, da shugabannin matasa, wannan aiki a hannunku yake.

Ga kuma maganar sana'a da barasa. Shi ya haɗa wa'azi da auduga da aikin kafinta, ya kuma haɗa kai da wanda ba addininsu ɗaya ba domin a tsare jama'a daga abin da ke kashe su. Samarinmu da ke zaune ba aiki, da ƙwayoyin da ke yawo a unguwanninmu, suna jiran irin wannan daga ikilisiya.

Daga ƙarshe, duk wanda aka taɓa ɓata wa rai a cikin gidan Allah, ko a kwamiti ko a wurin zaɓen dattawa, ya dubi yadda dattijon nan ya ƙare. Waɗanda ke riƙe da shugabanci kuma su dubi abin da aka yi masa, su kiyaye kada su yi wa wani haka, domin tuban da ya zo bayan shekara 120 bai same shi da rai ba.

Allah wanda ya fitar da yaron nan daga cikin jirgin bayi ya mai da shi makiyayin jama'arsa, shi ne ya riƙe ikilisiyarmu shekara hamsin. Ya ba mu kunnen saurare, da bakin faɗin gaskiya cikin ƙauna, da haƙurin jimrewa har ƙarshe. Ya sa 'ya'yanmu da jikokinmu su ga cikar shekara ɗari cikin salama. Amin.